Fim ɗin Rebecca na 1940 ya gundure ni: me ake yabo a cikinsa?

Tambaya: Malam, ni ɗaliba ce, ina rubuta labaran soyayya a intanet. An ba ni shawara in kalli Rebecca na 1940 don in ga yadda ake saka wa mai kallo fargaba. Na yi rabin awa na kashe shi. Ba kala, ba fatalwa, ba faɗa, sai wata yarinya tana ta sunkuyar da kai. Me ake yabo a cikinsa, kuma yaya zan kalle shi in ji daɗinsa?

Amsa: Ƙanwata, a bakin ƙofa kika juya. Kusan rabin awar farko duk a Monte Karlo, wurin shaƙatawar attajirai a Turai, ake yin ta, cikin rana da raha da yawo a mota, kuma shimfiɗa ce kawai. Fim ɗin ba ya kama jiki sai motar ango da amarya ta karya kwana, ruwan sama ya tsuge, gidan Manderley ya bayyana ta gilashin gaban motar. Saura awa ɗaya da minti arba'in ba ki gani ba, domin tsawonsa minti 130 ne. Ki sani tun yanzu zan fasa ƙwan labarin har ƙarshe, don ba yadda za a nuna gwanintar da aka yi ba tare da haka ba. Kada hakan ya dame ki. Wannan fim ya fi yi wa wanda ya san ƙarshensa daɗi.

Ga ƙashin labarin. Wata marainiya da ke aikin rakiya a ƙarƙashin wata attajira mai shegen surutu ta haɗu da Maxim de Winter, mai katafaren gidan nan na Manderley a gaɓar tekun Cornwall, kudu maso yammacin Ingila. Matarsa Rebecca ta rasu shekara guda da ta wuce, an ce ruwa ne ya ci ta. Cikin 'yan kwanaki ya auri yarinyar ya kai ta gidansa. A can ta tarar da shugabar masu aikin gidan, Mrs. Danvers, wadda har yau take bauta wa marigayiyar kamar tana raye. Daphne du Maurier ce ta rubuta littafin a 1938, Alfred Hitchcock ya ba da umarni, kuma shi ne fim ɗinsa na farko a Amurka. Joan Fontaine ce amaryar, Laurence Olivier ne Maxim, Judith Anderson kuma ta fito a Mrs. Danvers.

Irin wannan labari Turawa suna kiransa gotik, kuma ya daɗe a adabin Ingilishi, tun ƙarni na 18. Kayan haɗinsa ba sa canzawa sosai: tsohon gida mai girman da ya wuce misali, mace baƙuwa wadda ba ta da kowa, miji mai ɓoye wani abu, da ɗaki ko sashe da ba a shiga. Abin tsoron ba dodo ba ne. Tambaya ce guda da ke cin matar: wa na aura, kuma me ya faru a gidan nan kafin in zo? Kin ga ke nan in kina jiran fatalwa ta fito da farin mayafi, za ki yi ta jira har a rubuta ƙarshe.

Babbar dabarar fim ɗin ita ce matar da aka sa masa sunanta ba ta fitowa. Ba a nuna Rebecca ko sau ɗaya, ko a hoton bango, ko a waiwayen baya. Ita kuwa wadda muke kallo tun daga farko har ƙarshe, ba a taɓa faɗar sunanta ba. Mai rai ba ta da suna, matacciya kuma sunanta ya cika gida. Harafin R yana kan littafin adireshi da ke tebur, yana kan hankici, yana kan kayan shimfiɗa. Ke da kika tashi a ƙasar Hausa ba sai an yi miki dogon bayani ba. Ki tuna amaryar da aka kai gidan da uwargida ta rasu. Kishiya mai rai ana iya zama da ita, domin wata rana miyarta za ta yi gishiri, wata rana za ta yi wa miji tsiwa, tsufa kuma zai zo mata. Wadda ta riga mu gidan gaskiya kuwa ta gama kuskure. Dangin miji ba sa tuna komai nata sai alheri, duk abin da amarya ta yi sai a ce ba haka marigayiya take yi ba, kuma ba damar ta buɗe baki ta ce uffan, don ba a kishi da mamaci a fili. Wannan shi ne ramin da yarinyar ta faɗa, sai dai an ƙara mata da bambancin matsayi: ita talaka ce da ba ta san yadda ake ba wa bara umarni ba, Rebecca kuwa kowa na cewa ta haɗa kyau da asali da kaifin ƙwaƙwalwa.

Sunkuyar da kan da ya gundure ki, shi ne labarin. Ki lura da yadda ake ƙanƙantar da ita a hankali. Ranar da ta iso, ruwa ya jiƙa ta sharkaf, gashinta ya manne a kai, ta shigo ta tarar da ma'aikatan gida sun jeru reras suna jiranta. Mrs. Danvers ta matso ta yi mata sannu da zuwa da fuska kamar an aiko mata da mutuwa. Safar hannun amarya ta suɓuce ta faɗi, su biyun suka sunkuya tare don ɗauka. Ba wanda ya zagi wani, amma an riga an san wa ke da gidan. Daga baya, tana zaune a teburin Rebecca, waya ta yi ƙara, aka ce ana neman matar de Winter, sai ta amsa da cewa ai matar de Winter ta rasu fiye da shekara guda. Sai da ta ajiye wayar ta tuna ita ake nufi. A wannan ɗakin ne kuma ta ture wani ɗan gunkin tangaran mai tsada ya fashe, ta tattara gutsattsarin ta cusa a bayan aljihun tebur, kamar 'yar aikin da ke tsoron a kore ta, alhali kayan mijinta ne. Tunda ke marubuciya ce, nan ne darasinki yake. Ba a tsaya an gaya mana tana jin kanta ba kowa ba ce. An bar ta ta aikata abubuwa uku ƙanana, mu muka yanke hukunci.

Kyamara ma tana cikin masu yi mata wannan aika-aika. Ƙofofin Manderley sun fi ta tsawo nesa ba kusa ba, murhun falo ya isa ta shige ciki a tsaye, teburin cin abinci ya raba ta da mijinta da tazara mai yawa. Sau da dama kyamara tana farawa kusa da fuskarta, sai ta yi ta ja da baya har yarinyar ta koma ɗan ɗigo a tsakiyar ɗaki. Hatta karen gidan, Jasper, wajen kwanciyarsa ƙofar ɗakin Rebecca. Abin mamaki, babu wani gida mai suna Manderley. Du Maurier ta ɗauko siffar wurin ne daga wani gida na gaske a Cornwall mai suna Menabilly, amma fim ɗin a Kalifoniya aka ɗauke shi. Abin da kike gani daga waje ƙaramin gida ne da aka ƙera a situdiyo, aka yi masa wasa da haske da hayaƙi.

Yanzu batun rashin kala. A 1940 akwai fim mai kala. David O. Selznick, furodusan Rebecca, shi ne ya fitar da Gone with the Wind a 1939 da kala mai ɗaukar ido. Sai dai kala tana da tsada a lokacin, yawancin finafinai baƙi da fari ne, kuma masu ɗaukar hoto sun shafe shekaru suna gogewa a kansa har suka mayar da shi sana'a mai zaman kanta. Idan babu ja babu kore, abin da ya rage wa mai ɗaukar hoto shi ne haske da inuwa, da su zai raba mutum da bango, da su zai nuna wa idonki inda zai duba. George Barnes, wanda ya ɗauki hoton wannan fim, ya ci kyautar Oscar a kan aikin. Ki dubi bangon ɗakunan: kusan ba za ki ga bango fili ba, kullum akwai inuwar ƙarafan taga, ko ta ganye, ko ta ruwan da ke gangarowa a gilashi, tana motsi a bayan mutane. Rebecca a teku ta nutse, gidan kuma an haska shi kamar yana ƙarƙashin ruwa. Mrs. Danvers tana sanye da baƙar riga har ƙasa, don haka in ta tsaya a wuri mai duhu jikinta sai ya ɓace, farar fuskar kawai ta rage a sarari. Da da kala aka yi, da rigar ta zama riga kawai.

Akwai wata fitowa da nake so ki kalla sau biyu. Maxim ya kunna majigi yana nuna wa amarya hotunan yawon amarcinsu. A jikin allo ga su nan suna dariya, suna cin abinci a waje, ita tana walwala. A cikin ɗakin kuwa duhu ne, ta sa sabuwar baƙar riga don ta yi kama da manyan mata, shi kuma ko a jikinsa. Ana cikin haka aka shigo da maganar gunkin da ya ɓata, an ɗora wa wani yaron gida laifi, dole ta amsa cewa ita ta fasa. Da aka sake kashe fitila, sai ta suɓuce baki ta ambaci tsegumi. Maxim ya taso ya tsaya a gaban majigin ya tare hasken, rabin fuskarsa a haske rabi a duhu, yana tambayarta me ta sani. Hasken majigin na ta rawa a fuskarta. Aure biyu ne a ɗaki guda, na jikin allo da na gaske, kuma ba a kashe ko sisi a kan wata dabara ta musamman ba. Fitila ɗaya ce da mutum biyu.

Ita Mrs. Danvers, Hitchcock ya bayyana daga baya cewa da gangan ya guji nuna ta tana tafiya daga wuri zuwa wuri. Amarya za ta juyo kawai ta gan ta tsaye, ba a ji takunta ba, ba a ga shigowarta ba. Dalilinsa shi ne in aka ga mutum yana taku kamar kowa, ya zama mutum. Judith Anderson, 'yar asalin Ostiraliya da ta yi suna a wasan daɓe, ta ƙara da nata: da wuya ki ga ta ƙifta ido, kuma ba ta ɗaga murya. A littafin, Danvers ce ta raini Rebecca tun tana ƙarama. A fim an rage mata shekaru, aka ce ta zo gidan ne tare da Rebecca tana amarya, wanda ya sa shaƙuwar tata ta fi ta uwa da 'ya wuyar fassarawa.

Ƙololuwar fim ɗin, a ganina, ita ce shigar amarya ɗakin Rebecca a sashen yamma, mai kallon teku. Ɗakin ya fi kowane ɗaki haske, dogayen labulaye masu shara-shara suna kaɗawa, komai tsaf kamar mai shi ta fita ne yanzu za ta dawo. Danvers ta bayyana ta bayan labule. Maimakon ta kore ta, sai ta yi mata maraba, ta shiga nuna mata kaya ɗaya bayan ɗaya. Ta ciro rigar gashin dabba ta shafa a kumatunta, sannan ta shafa a na amarya. Ta buɗe aljihun kayan ciki. Ta zaunar da ita a gaban madubi ta kwaikwayi yadda take taje wa Rebecca kai. Ta ɗaga rigar barcin marigayiya ta sa hannu a ciki don a ga yadda hannun ke fitowa ta yadin. Nan ma ki kasa kunne: Franz Waxman, mai kiɗan fim ɗin, ya yi amfani da wani kayan kiɗa na lantarki mai suna Novachord, sabon abu a lokacin, don sautin da ke tashi idan ana maganar Rebecca, sauti mai kama da kiɗa amma da ɗan baƙon amo. Ba a taɓa lafiyar kowa a ɗakin nan ba, amma finafinan tsoro masu zubar da jini kaɗan ne suka kai shi tayar da tsigar jiki.

Daga nan makirci ya fito fili. Danvers ta ba amarya shawara ta ɗinka irin rigar da ke jikin wani tsohon zane na dangin de Winter don bikin rawa da za a yi a gidan, ba tare da ta gaya mata cewa rigar da Rebecca ta sa ke nan a bikinta na ƙarshe ba. Amarya ta sauko daga bene tana murmushi, Maxim ya juyo ya daka mata tsawa. Ta ruga sama tana kuka, Danvers ta buɗe mata taga, hazo ya rufe ƙasa, ta tsaya a bayan kafaɗarta tana yi mata raɗa cewa ba ta da abin da za ta rayu dominsa. Ƙarar rokar neman agaji daga wani jirgin ruwa da ya makale ce ta katse su. Masu ninƙaya da suka shiga duba jirgin kuma suka ci karo da kwalekwalen Rebecca, da gawarta a ciki.

Sai fitowar da ɗaliban fim suka fi nazari. A ɗan gidan bakin teku, Maxim ya gaya wa amarya gaskiya: bai taɓa son Rebecca ba, ya tsane ta, tana cin amanarsa, kuma yana wurin a daren da ta mutu. Wani darakta da sai ya yi waiwaye ya nuna mana daren. Hitchcock bai yi haka ba. Yayin da Maxim yake ba da labari, kyamara ta bar shi ta koma kan kujerar da babu kowa, da tokar sigari a gefe, ta ɗaga kamar wani ya miƙe, ta bi iska a hankali zuwa ƙofar da yake tsaye. Kyamarar tana bin matar da ba ta nan. Kika ce babu fatalwa. To ga ta nan, kuma ke ce kika zana ta da idonki.

A nan ne ya kamata ki san wani abu game da tarihin fim ɗin. A littafin, Maxim harbe Rebecca ya yi da bindiga. Amma tun daga 1934 Hollywood tana ƙarƙashin tsauraran ƙa'idojin tace finafinai, waɗanda ofishin Joseph Breen ke kula da su, kuma ba su yarda mai kisa ya tsira ba tare da hukunci ba. Sai aka mayar da abin hatsari: ya mare ta, ta yi tuntuɓe, kanta ya bugu da wani ƙarfen kayan jirgi, shi kuma ya sa gawar a kwalekwale ya nutsar. Wannan gyara ya wanke Maxim a takarda, amma bai wanke shi a idon mai lura ba. Wa ya shaida hatsari ne? Shi kaɗai. Yawancin munanan halayen Rebecca ma daga bakinsa muka ji su. Sannan ki kalli fuskar Fontaine a lokacin. Mijinta yana gaya mata ya ɓoye gawar matarsa, ita kuwa abin da ya shiga kunnenta kawai shi ne bai so Rebecca ba, fuskarta ta yi haske kamar an yi mata albishir. Daga wannan minti ta daina sunkuyar da kai, ta zama mai taya shi rufa asiri. Shi ya sa ba na yarda idan aka kira fim ɗin labarin soyayya kawai. Mutumin da ya nemi aurenta yana kiranta 'yar wawuya, wanda ya sa ta yi alkawarin ba za ta taɓa zama babbar mace mai baƙar riga da sarƙar lu'ulu'u ba, ba abokiyar zama yake nema ba, yarinyar da ba za ta yi masa tambaya ba yake so.

Fim ɗin yana da rauninsa, kada a ruɗe ki. Bayan fitowar gidan bakin teku, labarin ya bar hannun matan ya koma hannun maza: zaman bincike, barazanar Jack Favell, wani dangin Rebecca kuma masoyinta, da tafiya Landan wurin likitan da ya bayyana cewa Rebecca ba ciki ne da ita ba kamar yadda ta nuna wa Maxim, cutar daji ce ta kusa kashe ta. George Sanders ya yi daɗi a Favell, da murmushinsa na marar kunya, amma sashen magana ce ta yi masa yawa, kuma an ajiye amarya a gefe a daidai lokacin da ta fara zama abin kallo. Olivier ma a wasu wurare sandararre ne. Shi dama Vivien Leigh ya so a ba wa matsayin amaryar, an gwada ta aka ga ba ta dace ba. Gobarar da ta cinye Manderley a ƙarshe ce ta dawo da fim ɗin hayyacinsa. Selznick ya so hayaƙin gobarar ya tashi sama ya zana harafin R, Hitchcock ya ga abin ya yi yawa, ya musanya shi da harafin da ke jikin kayan shimfiɗar Rebecca yana cin wuta. Mutanen biyu sun sha ja-in-ja: Selznick yana son a bi littafin sau da ƙafa, Hitchcock kuma yana ɗaukar daidai abin da yake buƙata don kada a samu rarar da za a juya masa fim a ɗakin haɗawa. An zaɓi fim ɗin a rukuni 11 na Oscar, ya ci biyu, har da na gwarzon fim na shekara, wanda Selznick ya karɓa. Shi kaɗai ne fim ɗin Hitchcock da ya taɓa cin wannan kyauta.

Wajen kallo, ki nemi kwafi mai tsabta, domin a dusasshen kwafi baƙi da toka-toka duk sun zama abu ɗaya, aikin Barnes ya tafi a banza. Hoton kusan murabba'i ne, ki bar shi haka da baƙi a gefe biyu, kada ki ja shi ya cika allo. Ki guji wanda aka shafa wa kala da kwamfuta. Ki kalla da dare, fitila a kashe, da rubutun magana a ƙasa don Ingilishin nasu yana da sauri. In a waya ne, ki sa abin kunne.

In ya shige ki, Gaslight na 1944 da Ingrid Bergman shi ne na gaba, inda mijin da kansa ne ke neman haukatar da matar. Sai kuma Kohraa, fim ɗin Indiya na 1964, shi ma baƙi da fari, wanda aka gina a kan wannan labari, da Waheeda Rehman a matsayin amarya da Lalita Pawar a matsayin mai kula da gida. Shi ya ƙara waƙoƙi, ya kuma fi karkata ga batun fatalwa. Ki kalle su a jere ki ga me aka samu da me aka rasa da aka ba marigayiyar murya. Akwai kuma sabon Rebecca mai kala da Netflix ta fitar a 2020, amma ki ajiye shi sai kin gama da na 1940.